Kyarkecin Turai da jikunan Damagaram

Wani matashi daga Zango ya ce: "Anti, da gaske ne akwai masu rikiɗa su koma kyarkeci idan wata ya cika, kuma cizonsu na mayar da mutum irinsu?"

Haba ɗana, da girmanka? Tatsuniyar Turawa ce, 'yar'uwar labarin mai rikiɗa kura da kaka ke ba mu da dare. Cizon da za ka ji wa tsoro shi ne na mahaukacin kare. In ya same ka, wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15, ka wuce asibiti.

Wata ɗalibar jami'a ta rubuto: "Na kamu da labarin wani Alfa, shugaban kyarketai, da yarinyar da ya ƙi. Babukan farko kyauta ne, daga nan sai na sayi sulallan manhajar wayar da nake karanta shi a ciki. Na kashe jika 12 ta hannun wani mai katin banki, ina babi na 140, ga shi har yanzu ana ƙara sababbi. In ƙara saye?"

Kar ki ƙara ko dala. Ƙanwata, jika 12 fa! Lissafa kwana nawa za su kai ki makaranta a kabu-kabu, ko ki shiga kasuwar Dole da su ki ga tiyar hatsi nawa za a auna miki. Ban ma sa kuɗin megan da kike ƙonawa ba.

Manhajoji irin su Dreame da GoodNovel babi-babi suke sayarwa, kuma kowane babi a kan gaɓa yake yankewa, daidai lokacin da aka turo ƙofa ko aka ɗaga hannu za a yi mari. Da gangan ne. Ribar tana cikin tsawon labarin, shi ya sa rashin fahimtar da magana ɗaya za ta warware sai ta ci babi talatin. Su kuma sulallan, aikinsu su mantar da ke cewa kuɗi ne. Da sefa aka rubuta a gindin kowane babi da tuni hannunki ya yi sanyi. Abin da ya fi ci mini rai, bayan duk wannan ba ki mallaki komai ba. Littafin takarda ki karanta, ki ara wa ƙawa, ki ajiye a ƙarƙashin katifa shekara goma. Wannan kuwa ranar da asusunki ya rufe, ko mai katin ya daina ɗaukar waya, shi ke nan. Na ga wata 'yar ƙanwata ta taɓa kuɗin adashinta saboda haka, tana ƙudundune cikin gidan sauro ƙarfe biyun dare, fuskarta shuɗi da hasken waya.

Shi kansa Alfan da kike biya wa aron kuskure ne. Daga binciken kyarketan da aka tsare a gidan namun daji a 1947 kalmar ta yaɗu, kuma David Mech, masanin da ya ƙara tallata ta a 1970, ya fito a 1999 ya ce a daji garken iyali ne kawai, uwa da uba da 'ya'yansu. In ba ki iya haƙura, Wattpad na cike da irinsu kyauta. Ki zaɓi wanda aka riga aka kammala.

Wata uwa daga Garin Malam ta ce ta ga littafin Faransanci a jakar 'yarta mai shekara 15, hoton hannuwa riƙe da tuffa a bango. An ce mata labarin masu shan jini ne, ta kasa barci, tana tsoron maita.

Hajiya, ki kwantar da hankalinki, Allah ya shirya mana zuri'a. Fascination ne, fassarar littafin Ba'amurkiya Stephenie Meyer da ya fito a 2005. Soyayyar 'yan makaranta ce aka yafa mata rigar dodo, ba a koyar da tsafi a ciki. Kar ki ƙona shi, don gobe za ta koma ɓoye. Ki zaunar da ita ta ba ki labarin da bakinta. Sai ki tambaye ta: saurayin da ke shigowa ɗaki yana kallon yarinya tana barci, yana hana ta zuwa inda take so, so ne wannan ko mulki? A nan damuwata take. Kuma wayarta ta fi jakarta buƙatar idonki, don na cikin manhajojin nan da yawansu batsa ce tsirara.

Wata daga Birni kuma ta ce a WhatsApp ana tallar irin waɗannan littattafai guda 50 da Hausa a kan katin waya na jika ɗaya.

Hamsin a jika? Kayan sata ne aka zuba wa na'ura ta fassara, inda za ki ga jaruma ta tashi mace a shafi na biyu ta koma "shi" a na uku. Ki ce ya turo miki babi ɗaya daga tsakiyar littafin kafin ki kankare katin. In ya fara ce miki "ki yarda da ni", toshe lambarsa.