Ga ƙaninmu mai shirin zuwa Bali da jitar bes

Ƙanena, saƙonka ya iso. Ka ce kana neman gurbin karatun kiɗa a Denpasar, babban birnin tsibirin Bali a Indonesiya, kuma kana son ka fara koyon jerin sautukan Bali a jitarka ta bes tun kana gida. Ka yi tunani mai kyau.

Abin da littattafan jita ke kira jerin Bali, kwatankwacin selisir ne, sautuka biyar da ake kiɗan gong kebyar da su, wani salo na gamelan, wato tarin kayan kiɗan ƙarfe da ƙungiya ke bugawa tare. Sunayensu ding, dong, deng, dung, dang. Ka haddace su da baki, don malami a nan rera maka zai yi, ba zai miƙo maka takarda ba. A jita, sa manuniya a gaɓa (fret, wato rabe-raben wuyan jita) ta 4 ta tsirkiyar A, wannan ding ke nan. Ɗan tsakiya a ta 5, dong. Ƙaramin yatsa a ta 7, deng. Sai ka koma tsirkiyar D: gaɓa ta 6 dung, ta 7 dang. Gaɓa ta 6 a tsirkiyar G ding ne na sama. Taku biyu gajeru, tsalle, taku gajere, sai wani tsallen. A tsallen nan ɗalibai ke tuntuɓe, domin hannu ya saba cike gurbin da wani sauti. Kada ka cike shi.

Sai dai wannan taswira ce kawai. Kowane gamelan da nasa saitin, na wannan unguwa ba ya zama daidai da na waccan, kuma babu wanda ya dace da na'urar saita jita. Bayan haka, kayan kiɗan biyu-biyu ake ƙera su: pengumbang ƙasa kaɗan, pengisep sama kaɗan, da gangan, don sautin ya riƙa karkarwa sau shida zuwa goma a daƙiƙa. Wannan karkarwar ce ombak. Idan ka shiga da saitin da ka zo da shi, sai ka zama murya ta uku mai dagula ta. Shi ya sa muke ba ka shawarar jita marar gaɓoɓi, wadda kunne ke nuna wa yatsa wuri kamar mai goge. In mai gaɓoɓi kake da ita, daidaita ding da pengumbang, sauran ka ɗan tura tsirkiya sama inda sauti ya gaza. Sautin da ya zarce kuwa ba ka da yadda za ka sauko da shi.

Aikinka a taro shi ne na jegogan, babban abin kiɗan gamelan mai kaurin murya da ke buga sauti ɗaya ya jira. Yi atisaye da zagayen kiɗa mai bugu takwas da ake kira gilak: gong (babban faifan ƙarfe da ake ratayewa) a na 4 da na 8, kempur (ƙaramin gong) a na 5 da na 7. Nauyin yana kan bugu na ƙarshe, ba na farko ba, kuma mai bes da ya saba faɗawa kan "ɗaya" kullum sai ya makara. Fara da bugu 60 a minti, sauti ɗaya duk bugu huɗu, sannan duk bugu biyu. Kashe sauti ma darasi ne: makaɗin Bali yana kama ƙarfen da ya bari da hannun hagu a daidai lokacin da yake buga na gaba. Kai ma tsohon sauti ya mutu daidai shigowar sabo. In dong da ding suka haɗu a ƙasa, gurnani kawai za a ji.

Batun zuwa: tambayi ofishin jakadancin Indonesiya a Abuja halin da tallafin Darmasiswa yake ciki, shi ke kawo baƙi koyon harshe da fasaha, har da a Institut Seni Indonesia, cibiyar koyon fasaha da ke Denpasar. Zo da tsirkiyoyi saiti biyu da makullin gyara wuyan jita, don laimar damina, daga Nuwamba zuwa Maris, tana kawo tsatsa tana lanƙwasa wuya. Soket ɗinsu mai ramuka biyu zagayayyu ne. In ka je atisaye a zauren banjar, wato zauren taron unguwa, cire takalmi, kada ka tsallaka kayan kiɗa, kuma ka nemi izinin shugaban ƙungiya kafin ka kunna amfilifaya.