Ga mai tambaya kan inshorar lafiya da haihuwa: abin da na gani a haihuwata uku

Assalamu alaikum. Ƙanwata mai tambaya, Allah ya raba lafiya, ya sauke ki cikin sauƙi. Kin ce cikinki wata biyu, na fari ne, maigida kuma ɗan kasuwa ne ba ma'aikacin gwamnati ba. Kina son sanin ko inshorar lafiya tana ɗaukar awo da haihuwa, har da aiki, wato tiyatar ciro jariri, idan ta kama, ko kuwa kin riga kin makara. Na ga wasu sun ce miki zubar da kuɗi ne kawai. Haihuwata uku a garin nan na Kaduna, ɗaya babu inshora, biyu da ita, kuma duka ukun aiki aka yi mini. Bari in ba ki labarin yadda aka yi.

Ta farin ba mu da komai sai tawakkali da kuɗin ragon suna. Kwana na yi ina naƙuda, da asuba likita ya ce yaron ya gaji, sai an shiga da ni. Kafin a tura gadon sai da aka miƙa wa Baban yara takarda: kuɗin aiki, kuɗin magani, jini leda biyu. Kuɗin ragon ya tafi a ranar, washegari yayata ta kai 'yan kunnen gwal ɗina na lefe kasuwa. Ban taɓa yin nadamar sayar da su ba, yaron ga shi nan yana makaranta. Abin da har yau nake tunawa shi ne mutumin nan a tsaye a baranda yana kiran mutane ɗaya bayan ɗaya yana neman rance, ni kuma ina kwance ina jin muryarsa.

Kafin ciki na biyu, maigida ya samu aikin gwamnatin tarayya, aka saka mu a inshorar ma'aikata, wadda a lokacin ake kira NHIS. Tun 2022, da shugaba Buhari ya sa hannu a sabuwar doka, sunanta ya koma NHIA, kuma dokar ta wajabta inshorar lafiya a kan kowane ɗan ƙasa. Tsarin ma'aikatan yana ɗaukar ma'aikaci da matarsa ɗaya da 'ya'yan cikinsa huɗu 'yan ƙasa da shekara 18. Yana ɗaukar awo da haihuwa da kulawar jego har haihuwa huɗu, magani kuma kashi 10 cikin 100 ake biya. Masu abokiyar zama su lura da wannan: mace ɗaya ce a kan katin, ɗayar sai an yi mata rajista daban an biya ƙari. Na san gidan da sai ranar naƙudar amarya suka gane haka.

Awo ya tafi lafiya lau. Gwajin jini, gwajin fitsari, allurar rigakafi, maganin ƙarin jini, maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro, ban ciro kuɗin kirki daga jakata ba. Na saki jiki, na ɗauka kati ya gama komai. A nan muka yi kuskure, kuma saboda shi na zauna rubuta miki wannan dogon bayani.

Lokacin cike takarda, maigida ya zaɓi wani ƙaramin asibiti kusa da wurin aikinsa a wajen Kawo, mu kuwa a Kinkinau muke zaune. Asibitin ba ya yin tiyata. Yadda tsarin yake, asibitin da kika zaɓa shi ne matakin farko, ana biyan sa wani abu duk wata a kan kowane mai rajista, ko ya zo ko bai zo ba. Abin da ya fi ƙarfinsa, kamar aiki, sai ya rubuta takardar turawa zuwa babban asibiti, sannan kamfanin da ke riƙe da inshorarku, wato HMO, ya bayar da lambar izini, don da ita babban asibitin zai karɓi kuɗinsa. Ni da aka taɓa yi wa aiki, ya kamata tun cikin yana wata bakwai an shirya wannan hanyar. Ba wanda ya faɗa mini, ni ma ban tambaya ba.

Saura kamar sati uku lokacina jini ya ɓalle mini da tsakar dare. Maƙwabcinmu mai a-daidaita-sahu muka tasa, ya kai mu babban asibiti mafi kusa. Babu takardar turawa, babu lambar izini, wayar kamfanin tana ta ƙara ba a ɗauka. Ma'aikatan sun yi ƙoƙarinsu, ba su bar ni a ƙasa ba, amma a wurin biyan kuɗi an ce sai an ajiye wani abu. Haka muka sake biya da hannu alhali muna da kati a jaka. Daga baya an mayar mana da mafi yawan kuɗin, bayan watanni ana zirga-zirga, kuma abin da ya taimake mu shi ne Baban yara bai yar da rasit ko ɗaya ba. A 2025 hukumar NHIA ta umarci kamfanonin su riƙa bayar da lambar izini cikin awa ɗaya, kuma mai larurar gaggawa a fara duba shi kafin maganar lamba. Ki riƙe wannan, haƙƙinki ne, amma kada ki jira sai dare ya tsala kafin ki gwada shi.

A na ukun na yi hankali. Tun kafin cikin ya yi nisa na sa aka canza mana asibiti zuwa wanda ke kusa da gida. Wata bakwai na cika na karɓi takardar turawa, na buɗe fayil a babban asibitin, aka sa ranar aiki, lambar izini ta fito tun saura kwanaki. Ƙannen maigida biyu suka je suka ba da jini aka ajiye. Ranar da muka fito, abin da muka biya bai kai kuɗin cefanen suna ba. Kwana uku bayan haka yarinyar ta yi shawara, idonta ya yi ɗorawa, aka kwantar da ita ƙarƙashin fitila, duk a kan katina, domin a tsarin ma'aikata jariri yana ƙarƙashin uwarsa har sati 12. Kafin satin su ƙare muka yi mata nata rajistar.

To ke da maigidanki ba ma'aikaci ba ne, ƙofa ba a rufe take ba. Jiharmu tana da hukumar taimakekeniyar lafiya, KADCHMA, wadda aka kafa da dokar 2018, kuma tana karɓar 'yan kasuwa da masu sana'ar hannu, ana biya na shekara. Maƙwabciyata mai ɗinki da ita ta yi awo ta haihu. A ɓangaren tarayya akwai GIFSHIP da aka fara a 2020 don ɗaiɗaikun mutane da iyali da ƙungiyoyi. Akwai kuma kamfanoni masu zaman kansu, amma a nan ki buɗe ido sosai, da yawansu ba sa ɗaukar haihuwa sai mutum ya yi watanni masu yawa da rajista, wasu kuma suna sa iyakar kuɗin da za su biya a kan aiki. Mai cikin wata biyu tana iya biya ta haihu ba ta ci moriyar komai ba.

Shi ya sa nake cewa ku je cikin satin nan, ke da shi, da lambar NIN ɗinku. Kusan kowane tsari yana da lokacin jira tsakanin biyan kuɗi da fara aikin kati, kowane sati da kuka bari ya wuce daga cikin watanninki ake cire shi. Kada ki ɓoye cikin. Ki faɗa musu kai tsaye, ki tambaya yaushe katin zai fara aiki, ko yana ɗaukar cikin da aka shigo da shi, ko aiki yana ciki gaba ɗaya ko rabi, hoton ciki sau nawa, wane asibiti za a tura ki idan abu ya rikice, kuma wace waya ake kira da dare. Ki roƙa a nuna miki a rubuce. Idan jininki nau'in nagetif ne, ki tambayi allurar kare cikin gaba da ake yi cikin awa 72 bayan haihuwa, tana da tsada, gara ki san tun yanzu wa zai biya.

Idan kuma hali bai kai ba, kada kunya ta hana ki magana. Akwai asusun kula da lafiya a matakin farko da dokar lafiya ta 2014 ta tanada, da shi ake yi wa marasa ƙarfi rajista kyauta ta asibitocin mazaɓu, masu ciki kuma suna cikin waɗanda ake sa wa gaba. Jiharmu mazaɓu 255 gare ta, ki je asibitin taku mazaɓar ki tambayi shugabar wurin. Haka nan a Nuwamban 2024 ministan lafiya Farfesa Muhammad Ali Pate ya sanar da aikin haihuwa kyauta ga mata masu ƙaramin ƙarfi, a asibitocin da aka zaɓa. Ki tambayi nas ɗin awo wanne ne ya fi kusa da ke.

Ko da kati, ki ajiye 'yan kuɗi a gefe. Wata rana za a ce maganin ya ƙare, je ki saya a waje. Kayan haihuwa irin su safar hannu da auduga da leda ke za ki zo da abinki, ɗaki na musamman ma daga aljihunki ne, kuma inshora ba ta san kuɗin mota ba. Awo kuwa kada ki jira kati, ki fara yanzu ko da kuɗinki ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar zuwa awo sau takwas tun 2016, kuma a wurin awon nan ne ake kama hawan jini tun kafin ya zama jijjiga.

Ki samu maƙwabci mai abin hawa ku yi magana da shi tun yanzu, ki rubuta lambarsa da ta kamfanin inshorar a bayan katin awonki, ki nuna wa maigida da duk wadda za ta zauna da ke inda katin yake. Allah ya kawo mai albarka, ya ba ki lafiyar shayarwa.