Hukuncin waɗanda suka zauna ƙarƙashin Nasara bayan faɗuwar Sakkwato

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Kakan mahaifina ya yi alƙalanci a zamanin Turawa, Sarki ne ya naɗa shi, Razdan ya sa hannu. Rannan muna hira a majalisa wani abokina ya ce duk wanda bai bi Sarkin Musulmi Attahiru hijira ba, ya zauna yana cin albashin Nasara, ya jiɓince su, imaninsa ma da sauran magana. Abin ya hana ni barci. Shin addu'ar da muke masa tana da amfani? Kuma auren da ya ɗaura da gadon da ya raba sun inganta?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗana, ka ci gaba da yi wa kakanka addu'a. Musulmi ne matuƙar an san shi da salla da shahada har ya rasu, kuma hukuncin da ya yanke bisa shari'a zartacce ne. Abokinka ya ɗauko mas'alar da ta gigita manyan malamai, ya yanke ta a tsakanin kofin shayi biyu.

Mu fara da abin da ya faru. Kano ta faɗi a watan Fabrairun 1903. Ranar 15 ga Maris aka yi karo a filin Giginya, a wajen ganuwar Sakkwato: mahaya da masu da takubba da 'yan bindigogin gargajiya, a gabansu bindiga mai ruwa da igwa. Kafin rana ta take an gama. Sarkin Musulmi Attahiru ya yi gabas da niyyar hijira, jama'a suna barin gonakinsu suna bin sa, har Turawa suka cim masa a Burmi, ya yi shahada ranar 27 ga Yulin wannan shekara tare da ɗaruruwan mutane. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja ragowar har Sudan, inda garin Mai Wurno yake har yau a bakin Shuɗin Nilu. Shi kuwa Waziri Buhari, bayan ya fita daga gari ya tara malamai suka yi shawara, sai ya komo ya yi sulhu, daga baya ya rubuta wasiƙa ga ma'abota ilimi yana bayyana dalilinsa da irin zullumin da ya shiga.

Kowane ɓangare yana riƙe da nassi. Masu hijira suna da ayar Suratun Nisa'i (aya ta 97), inda mala'iku ke tambayar masu zaluntar kansu ko ƙasar Allah ba ta da faɗin da za su yi hijira a cikinta. Kuma Shehu Usmanu da kansa ya yi littafi sukutum kan wajabcin hijira, daular ma a kan hijirar Gudu ta 1804 aka gina ta. Wanda ya tashi da wannan karatu, in ya ɗaure kayansa ya bi Attahiru, ba a ce masa don me. Masu zama kuwa suna da ayar da ke biye, wadda ta toge raunana daga maza da mata da yara waɗanda ba su da dabara ba su san hanya ba. Suna da ayar Ali Imrana (aya ta 28), wadda ta hana jiɓintar kafirai amma ta yi rangwame ga mai tsare kansa daga sharrinsu. Ka ƙaddara kowa mai ilimi ya tafi: wa zai ja wa tsofaffi da guragu salla, wa zai raba gadon marayu, wa zai karanta wa yara babbaƙu da farfaru?

Wannan saɓani bai fara a ƙasarmu ba, kuma duka fatawoyin biyu na Malikawa ne. Lokacin da Andalus ke ƙarewa, shekara guda kafin Garnaɗa ta faɗi a 1492, Wansharisi, malamin birnin Fas, ya tsananta, ya ce hijira wajibi ce, zama ƙarƙashin Kirista haramun ne. Tsoron nasa ya tabbata, domin ba a yi shekara goma ba aka fara tilasta wa Musulmi shiga Kiristanci, a 1609 kuma aka fara korar jikokinsu baki ɗaya. Amma tun ƙarni uku da rabi kafin nan an tambayi Imamu Maziri (ya rasu 1141) game da alƙalan tsibirin Siƙilliya waɗanda sarakunan Norman Kiristoci ke naɗawa. Ya ce a kyautata musu zato, wataƙila larura ce ta zaunar da su, kuma naɗin da kafiri ya yi bai ɓata hukuncin alƙali adali ba, tunda jama'a ba za su zauna babu mai raba musu husuma ba. Wannan amsa kamar don kakanka aka ba da ita. Annabi Yusufu ma, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da bakinsa ya nemi a ɗora shi kan taskokin Masar, alhali sarkin ba a kan addininsa yake ba.

Abin da na rinjayar shi ne hukuncin yana bin illarsa, wato iya bayyana addini. A Andalus an rufe masallatai, an ƙone littattafai. A nan Lugga, shugaban Turawan da suka ci ƙasar, ya yi alkawari a Sakkwato cewa ba zai taɓa addini ba. Ba don Allah ya yi ba, sojansa ne da kuɗinsa ba za su isa riƙe ƙasa mai faɗin nan ba sai ta hannun sarakuna. Duk da haka an ci gaba da kiran salla da Juma'a da makarantun allo da na zaure, kotunan alƙalai suna zama, ko da yake an hana yanke hannu da jefewa, an sa Razdan yana duba littafin shari'a. Tauyewa ce babba, amma ba ta kai a ce wanda ya zauna ya sayar da addininsa ba. Jiɓintar da ke fitar da mutum daga Musulunci ita ce ta zuciya, son kafirci da son ya rinjayi Musulunci. Sassauci da harshe don tsoro kuwa, an yi wa Sahabi Ammaru ɗan Yasir uzuri a kan abin da ya fi haka nauyi, wato furta kalmar kafirci a ƙarƙashin azaba.

Kada kuma ka ɗauki wannan a matsayin wanke kowa. Akwai wanda ya zama ɗan leƙen asiri a kan 'yan'uwansa, akwai wanda ya tsawwala haraji da jangali ya cika aljihunsa, akwai wanda ya murɗe hukunci don faranta wa Joji, wato Baturen mulki. Jinin da aka zubar da mata da yaran da aka kama a Satiru, ƙauyen kusa da Sakkwato da aka murƙushe tawayensa a 1906, ba sa shiga cikin rangwamen ayar Ali Imrana, ko da me aka ɗauki da'awar Mahdiyya ta mutanen garin. Waɗannan zunubai ne, kowa da nasa, kuma zunubi daban, ridda daban. In ka san wata gona ko gida da kakanka ya ƙwace ta hanyar zalunci kuma tana hannunku, to wannan ne aikinku: ku nemi magadan mai ita ku mayar. In ba ku san komai ba, ba a ɗora muku tonon kabari ba.

Shi kuma abokinka, ka karanta masa hadisin da ke cikin Buhari da Muslim, cewa wanda ya ce wa ɗan'uwansa kafiri, kalmar tana komawa kan ɗayansu. Ya nemi gafara, ya yi wa shahidan Burmi addu'a, ya haɗa da kakanka a ciki.

Wallahu a'alamu.