Tambaya da Amsa: Malam, ya zan gane labarin gaskiya a waya?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam, da fatan kana lafiya, ya aiki ya iyali. Ni ɗalibi ne ina aji uku a jami'a ina karanta ilimin halittu, kuma gaskiya ni mutum ne mai son labarai tun ina ƙarami, abu uku ne suka fi ɗaukar hankalina, ƙwallon ƙafa da harkar kimiyya da lafiya sai kuma duk abin da ya shafi tallafin karatu don burina in wuce digiri na biyu. Da na farka da safe kafin ma in wanke ido waya nake ɗauka, in duba WhatsApp in leƙa Facebook da X, da dare kuma TikTok har sai caji ya ƙare.

Ina da 'yan dabaruna da nake tantance labari da su. Nakan duba ko shafin yana da shuɗin makin nan, in duba yawan mabiyansa, in karanta abin da mutane suka rubuta a ƙasa, in kuma na ga labari ɗaya a wuri uku ko huɗu sai hankalina ya kwanta tunda ai ruwa ba ya tsami banza. Labarin siyasa kam ba na saurin yarda da shi ko kaɗan.

To watan jiya wani ya turo sanarwar tallafin karatu ɗauke da tambarin wata jami'a ta ƙasar waje, wai saura kwana uku a rufe, shafin ya yi kyau wallahi ba kuskuren rubutu ko ɗaya, ni kuma na tura wa guruf ɗin ajinmu na ce kowa ya yi sauri. Mutane da yawa suka cike fom ɗin suka saka hoton fasfo da lambar waya, mutum biyu har sun biya kuɗin rajista, bayan sati ɗaya shafin ya ɓace ɓat. Yanzu kunyar shiga aji nake ji. Malam a ina na kuskure, kuma ya zan yi da abokan nan nawa?

Daga wani ɗalibi mai bibiyar wannan fili

AMSA

Wa alaikumus salam ƙanena. Na ji daɗin yadda ka faɗi gaskiya ba ka ɓoye komai ba, kuma kafin komai ka sani ba wauta ce ta kai ka ba, buri ne. Ka duba wasiƙarka da kyau, labarin siyasa ka ce ba ka saurin yarda, amma da aka zo kan abin da zuciyarka ke so sai ƙofa ta buɗe da kanta. Haka yake ga kowa, mai son ƙwallo zai yarda ƙungiyarsa ta sayi babban ɗan wasa daga fostin ɗaya kawai, mai neman aiki zai yarda da sanarwar ɗaukar ma'aikata, mai jinyar mahaifi zai yarda da maganin da aka ce yana warkar da komai. Inda ka fi sha'awa nan ne ya kamata ka fi taka birki, kuma masu damfara sun san haka fiye da kai, shi ya sa suke haɗa abin da kake kwaɗayi da wa'adi gajere, saura kwana uku, don kada ka samu lokacin tambayar kowa.

Yanzu mu zo kan dabarunka, don gaskiya yawancinsu sun tsufa. Shuɗin makin nan a da yana nufin kamfani ya tantance cewa mai shafin shi ne wanda ya ce shi ne, amma tun bayan da Elon Musk ya sayi Twitter, wanda yanzu ake kira X, a 2022 makin ya koma abin saye, ka biya kuɗin wata-wata a ba ka, kamfanin Meta mai Facebook ma ya fito da nasa na biya a 2023. A watan Mayun 2023 an yaɗa hoton wani baƙin hayaƙi wai fashewa ce kusa da Pentagon, hedikwatar tsaron Amurka, shafuka masu shuɗin maki ne suka yaɗa shi har da wani da ya yi shigar kamfanin labarai na Bloomberg, kasuwar hannun jari ta ɗan girgiza na 'yan mintoci kafin a gane babu abin da ya faru, hoton ƙirƙira ne. Mabiya kuma ana sayensu kamar yadda ake sayen data, masu rubutu a ƙasan fostin kuwa yawancinsu kanun labarin kawai suka gani kamar kai.

Wadda ta fi damuna ita ce ta ganin labari a wuri uku ko huɗu. Ƙanena wuri huɗu ba shaida huɗu ba ne in duk daga baki ɗaya suka kwaso. Malaman hadisi sun riga kowa gane wannan tun ƙarnoni da suka wuce, ba sa tsayawa kan daɗin magana sai sun bi isnadi, wa ya faɗa maka, shi kuma wa ya faɗa masa, har a kai ga wanda ya ji da kunnensa, kuma in hanyoyi goma duk suka koma kan mutum ɗaya mai rauni to yawansu bai ƙara komai ba. Haka za ka yi wa labari. Kuma maimaici yana da wani sharri da masana halayyar ɗan Adam suka gwada tun 1977, abin da ka ji sau da yawa ƙwaƙwalwarka takan fara ɗaukarsa gaskiya don kawai ta saba da shi. Ƙarya kuma ta fi gudu, binciken da masana na jami'ar MIT suka fitar a 2018 kan labarai kusan 126,000 da aka yaɗa a Twitter daga 2006 zuwa 2017 ya nuna labarin ƙarya ya fi na gaskiya samun masu sake turawa da kashi 70 cikin ɗari, kuma na gaskiya yakan ɗauki lokaci kusan ninki shida kafin ya kai ga mutum 1,500. Abin da ya fi ba ni tsoro a binciken shi ne ba na'urori ne suka fi yaɗa ƙaryar ba, mutane ne irina da irinka. Saboda haka a intanet ruwa yana tsami banza, don akwai masu zuba masa tsamiya da gangan.

Ga abin da nake so ka riƙe, kuma shi kaɗai da ka yi da ba a kai nan ba. Ka bar shafin. Kai ka zauna kana kallon kyansa da tambarinsa da tsaftar rubutunsa, alhali duk waɗannan abubuwa ne da yaro mai kwamfuta zai haɗa a yini ɗaya, tambarin jami'a kuwa kwafa kawai ake yi a manna. A jami'ar Stanford an taɓa yin wani gwaji, masu bincike Sam Wineburg da Sarah McGrew suka haɗa ɗalibai da malaman tarihi masu digirin digirgir da ƙwararrun masu tantance labarai, suka ba su shafukan ƙungiyoyin likitocin yara guda biyu a Amurka, ɗaya babbar ƙungiya ce mai dubban mambobi ɗayar kuma 'yar ƙarama ce da ta ɓalle, aka ce su faɗi wadda ta fi inganci. Ɗaliban suka tsaya suna karanta shafin daga sama har ƙasa kuma mafi yawansu suka zaɓi ƙaramar don ta yi musu kyau a ido, har wasu daga cikin malaman tarihin suka rikice. Masu tantancewar kuwa cikin daƙiƙoƙi suka fita daga shafin suka buɗe wani suka rubuta sunan ƙungiyar don su ga me wasu ke faɗa a kanta, kuma dukkansu suka dace. Ka ga ba ilimi ne ya raba su ba, ɗabi'a ce. Da a ranar ka rufe wannan sanarwa ka je Google ka rubuta sunan jami'ar da hannunka ka shiga shafinta na asali ka nemi sashen tallafin karatu, da ba ka ga wannan sanarwar a can ba, kuma da ka kwatanta adireshin shafin biyu harafi da harafi da ka ga bambanci, wani lokaci harafi ɗaya ne tak suke canzawa ko su ƙara wata kalma a ƙarshe. Minti uku ne aikin gaba ɗaya.

Hoto da bidiyo ma haka, da muna cewa gani ya kori ji amma yanzu ganin ma sai an bincike shi. Ka tuna hoton Fafaroma Francis cikin farar rigar sanyi mai kumburi a Maris 2023, miliyoyin mutane suka yarda, ashe da manhajar Midjourney mai ƙirƙirar hotuna aka haɗa shi. Amma mafi yawan hotunan da ke ruɗar mutane ba ma ƙirƙirarsu aka yi ba, tsofaffi ne na gaske daga wata ƙasa ko wata shekara aka sauya musu bayani. Ka saka hoton a Google Lens ko TinEye za su nuna maka inda ya taɓa fitowa, in ka ga hoton gobarar jiya a wani shafi na shekara biyar baya ai magana ta ƙare. A WhatsApp kuma in ka ga kibiya biyu a saman saƙo to ya bi ta hannu da yawa kafin ya iso ka, kamfanin da kansa ya taƙaita tura irinsa zuwa wuri ɗaya kacal a lokaci guda tun Afrilun 2020 saboda ji-ta-ji-tar korona. Sikirinshot kuwa ni ba na ɗaukarsa hujja sam sai na ga asalin.

Tunda kimiyya kake karantawa, a labarin lafiya ka riƙa tambayar da malamanka ke yi maka a ɗakin gwaji, a kan mutum aka gwada ko a kan ɓera, mutum nawa, wace mujalla ta buga, wa ya biya kuɗin binciken. A ƙwallo abin ya fi sauƙi, ka jira ƙungiyar ta sanar da kanta. Manyan kafafe irin su Reuters da AP da AFP su ma suna kuskure, amma suna da suna da adireshi kuma sukan buga gyara a fili, wannan ce alamar da nake nema a kowace kafa, shin ta taɓa fitowa ta ce mun yi kuskure? Akwai kuma masu aikin tantancewa zalla kamar Africa Check da Dubawa, kafin ka tura abu ka leƙa ko sun riga sun taɓa shi.

Batun abokanka kuma, kada ka ɓuya, ɓuyar ce za ta sa a yi maka wani zato. Ka koma guruf ɗin da ka tura sanarwar ka rubuta a fili cewa ƙarya ce kuma kai ma an ruɗe ka, ka ba da haƙuri, sannan ka nemi mutum biyun da suka biya kuɗi ka same su ido da ido. Su gaggauta sanar da bankinsu, in da kati suka biya a toshe shi a ba su sabo, su kuma adana shaidar biyan don kai rahoto ga hukuma. Duk wanda ya cike fom ɗin ya canza kalmar sirrinsa in ita ce yake amfani da ita a imel ko wani wuri, kuma ka gargaɗe su cewa masu irin wannan aiki sukan dawo ta waya, wani zai kira da murya mai daɗi ya ambaci cikakken sunanka ya ce an zaɓe ka ko za a mayar maka da kuɗinka, ka karanto masa lambar da aka turo maka yanzu a saƙo. Wannan lambar kada wanda ya ba kowa, da ita ake ƙwace WhatsApp da asusun banki. Ka yi wannan yau kafin ka kwanta, Allah ya mayar musu da alheri, kai kuma ya cika maka burin karatunka.