Amsa: Wayar Huawei da ba ta da Play Store, a riƙe ko a sake?

Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka ce kana son Huawei ɗinka saboda kyamara da batir, amma rashin manhajoji ya ishe ka, har abokai na cewa ka sayar. Kada ka yi gaggawa.

Asalin matsalar ya fi rashin Play Store zurfi. A watan Mayun 2019 gwamnatin Amurka ta sa wa Huawei takunkumi, shi ya sa daga Mate 30 da P40 zuwa gaba wayoyinsu ke fitowa ba tare da Google Mobile Services ba. Wannan shi ne ginshiƙin da manhajoji da yawa ke jingina da shi wajen turo sanarwa, nuna taswira da tantance waya. EMUI kuwa, wato tsarin da ke tafiyar da wayar Huawei, har yanzu a kan Android aka gina ta, don haka fayil ɗin APK, wanda da shi ake saka manhaja a Android, yana shiga lafiya. Abin da ba a da tabbas shi ne ko zai yi aiki bayan ya shiga.

Ka rubuta manhajoji goman da ba ka iya wuni babu su, ka gwada su ɗaya bayan ɗaya har mako guda. Fara nema a AppGallery, shagon manhajoji na Huawei, in babu ka je shafin mai manhajar da kansa. Aurora Store ma tana sauko da abin da ke Play Store, amma ka shiga a matsayin baƙo, kada ka sa asusunka na Google. Idan aka ba ka zaɓi, ɗauki fayil ɗin APK mai alamar arm64-v8a.

WhatsApp yana aiki, sai dai da sharaɗi biyu. Na farko, ajiyar hira a Google Drive ba za ta yiwu ba. Ajiyarka tana cikin wayar, a Android/media/com.whatsapp (ko a foldar WhatsApp in tsohuwar Android ce a wayar), sai ka riƙa kwafe wannan folda zuwa kwamfuta duk mako, in ba haka ba ranar da waya ta faɗa ruwa hirarka ta tafi ke nan. Na biyu shi ne jinkirin saƙo, wanda kusan kowa ke kuka da shi. EMUI na kashe manhajoji a bayan fage don tattalin batir. Shiga Battery, sannan App launch, ka kashe Manage automatically na WhatsApp, ka kunna maɓallan nan uku da za su fito. Yawanci nan take maganar ke ƙarewa. Manhajar da ta dogara kacokan da Google wajen sanarwa kuwa, wannan gyaran ba zai cece ta ba, sai ka buɗe ta kafin ka ga saƙo.

YouTube da Gmail ba su da wahala: buɗe su a burauza, ka ajiye alamarsu a fuskar waya. Taswira kuma akwai Petal Maps da HERE WeGo.

Inda gizo ke saƙa shi ne manhajar banki. Wasu suna tambayar Google ta hanyar tsarinsa na tantancewa mai suna Play Integrity ko wayar tantatacciya ce, in ba su sami amsa ba su ƙi buɗewa. Za a ce maka ka sa GBox ko microG, manhajojin da ke ƙoƙarin cike gurbin ayyukan Google a wayar. Suna taimakawa a wasu wuraren, amma GBox na shan batir, kuma asusunka na Google ne za ka shigar a cikin manhajar wani kamfani daban. A ganina bai dace kuɗinka ya bi ta nan ba. Gara ka yi amfani da shafin bankin a burauza, ko ka ajiye ƙaramar Android mai Google don banki kawai.

Sai ka sa ido kan abu biyu: ranar sabuntawar tsaro ta ƙarshe da ke cikin About phone, da sanarwar manhajojin da kake dogaro da su. Ka ɗauki darasi daga masu Windows Phone, tsarin waya na Microsoft: sun daɗe suna haƙuri da ƙarancin manhajoji, amma da WhatsApp ya janye a ƙarshen Disambar 2019 yawancinsu dole suka tashi. Kuma in za ka sayi wata Huawei nan gaba, ka tambaya da kyau, domin samfurin ƙasar Sin mai HarmonyOS NEXT, tsarin Huawei da ba a kan Android aka gina shi ba, ba ya karɓar APK kai tsaye.