Jami'ar gwamnati ta Moris: yadda ta girma, da abin da uba zai bincika kafin ya tura ɗansa

Tambaya: Assalamu alaikum. Ɗana ya gama sakandare bana, sai wani mai haɗa wa yara karatu a waje ya kawo mana maganar jami'ar gwamnati ta ƙasar Mauritius. Da na duba taswira sai na ga ɗan tsibiri ne a tsakiyar teku. Ta yaya ƙaramar ƙasa irin wannan ta samu jami'ar da har ake tallarta a nan? Kuma takardarta za ta yi masa amfani in ya dawo gida? Daga wani mahaifi a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya yi wa yaro albarka.

Ƙasar, wadda mutanenta ke kira Moris, tana cikin Tekun Indiya, gabas da Madagaska. Faɗinta bai wuce murabba'in kilomita 2,040 ba, mutanenta kuwa miliyan ɗaya ne da dubu ɗari biyu da wani abu. Ƙanƙantar da ka gani gaskiya ce, kuma ita ce ta sa jami'ar ta taso yadda ta taso.

An kafa Jami'ar Moris a 1965, shekara uku kafin ƙasar ta karɓi 'yancin kai daga Ingila a 1968. A lokacin arzikin ƙasar kusan duka rake ne. In farashin sukari ya faɗi, ko guguwa ta kwantar da gonaki, kowa sai ya ji a jikinsa. Don haka ba a fara da burin gina katafariyar jami'a mai kowane fanni ba. An ɗauki makarantar aikin gona da ke aiki tun 1914, aka ɗora mata makarantu biyu, ta sha'anin mulki da ta fasahar masana'antu. Mazauninta Réduit, kusa da cibiyar binciken sukari da aka kafa a 1953, ta yadda malami da ɗalibi za su taka da ƙafa su je inda ake gwajin irin rake. Sarauniyar Ingila Elizabeth ta Biyu ce ta buɗe ta a hukumance a 1972. A shekarun farko yawancin abin da ake bayarwa satifiket ne da difloma, kuma da yawa daga cikin ɗaliban ma'aikata ne da ake ƙara wa horo: akawu, malamin gona, mai kula da injin matse rake.

Daga nan duk inda tattalin arzikin ƙasa ya karkata, sai jami'a ta bi. A 1970 aka yi dokar yankin masana'antun da ke sarrafa kaya don fitarwa waje, masaƙu da kamfanonin ɗinki suka cika ƙasar, sai aka buƙaci injiniyoyi da masu sanin harkar zare da rini. An mayar da sakandare kyauta a 1977, wanda ya sa bayan 'yan shekaru masu neman gurbi suka yi yawa, dole aka faɗaɗa digiri. Da aka shiga harkar bankuna da kamfanonin kuɗi na ƙetare, karatun lauya da akanta da gudanarwa ya bunƙasa. A farkon shekarun 2000 aka gina unguwar kamfanonin kwamfuta ta Ebène, maƙwabciyar Réduit, kuma yau fasahar sadarwa tana da tsangayarta mai zaman kanta. A ganinmu wannan shi ne sirrin jami'ar: ba a cika buɗe sashe ba sai an ga inda waɗanda suka gama za su samu aiki.

Ta kuma fitar da masana na gaske. Ameenah Gurib-Fakim, wadda ta shugabanci ƙasar daga 2015 zuwa 2018, farfesa ce a fannin kimiyyar sinadarai a wannan jami'a, kuma ta yi suna ne da bincike kan tsirran magani na tsibirin.

Da nauyi ya yi yawa sai gwamnati ta raba shi. An kafa Jami'ar Fasaha ta Moris a 2000, sannan a 2012 aka ƙara jami'ar karatu daga gida da kuma Université des Mascareignes. A 2019 aka mayar da digirin farko kyauta a jami'o'in gwamnati. A kula, wannan gata na 'yan ƙasa ne. Ɗanka baƙo ne, zai biya kuɗin makaranta, sai dai in ya dace da tallafin karatu da gwamnatin Moris ke ba ɗaliban ƙasashen Afirka, wanda ake nema ta hannun hukumomin ƙasar ɗalibi.

Dalilin da ya sa tallar ta iso Zariya kuwa shi ne haihuwa ta ragu ƙwarai a Moris, mace ɗaya ba ta kai 'ya'ya biyu a matsakaici, don haka masu gama sakandare na raguwa. Ga shi kuma zaƙaƙuran da suka fi kowa cin jarrabawa gwamnati na ba su tallafin karatu a waje, da yawansu ba sa dawowa. Kujeru na nan, ana neman masu zama, kuma ƙasar ta ɗauki karɓar ɗaliban waje a matsayin hanyar samun kuɗin shiga.

Yanzu ga inda ake yin tuntuɓe. Na farko sunan makaranta. Bayan jami'o'in gwamnati akwai rassan jami'o'in waje irin su Middlesex da Curtin, da kwalejoji masu zaman kansu, wasu na alaƙa da jami'ar gwamnati amma ba ita ba ce. An taɓa samun rassan da aka gano takardunsu ba su da amincewar hukumomin ƙasar da suka fito, ɗalibai suka yi asarar kuɗi da shekaru. Ka sa wakilin nan ya rubuta maka cikakken sunan makarantar da sunan wadda za ta buga hatiminta a kan digirin, sannan ka duba su a jerin hukumar kula da ilimi mai zurfi ta Moris. Kuɗi kuwa kada ya fita sai takardar ba da gurbi ta zo daga makarantar kanta.

Na biyu shaidar shiga. Yaran Moris jarrabawar Cambridge suke yi, mataki biyu, kuma ma'aunin shiga digiri shi ne mataki na biyu, wato A-Level, aƙalla darussa biyu. WAEC da NECO a matakin farko suke tsayawa. Saboda haka kada a ɗauka kiredit biyar sun wadatar. A aika da sakamakon yaro ofishin ɗaukar ɗalibai, a nemi amsa a rubuce: za a karɓe shi kai tsaye, ko sai ya yi shekarar share fage? Wannan shekarar kuɗi ce da ya kamata ta shiga lissafi tun yanzu.

Na uku fannin da zai karanta. In kwamfuta ce, ko injiniya, akanta, aikin gona ko kimiyyar teku, ilimin zai yi aiki a ko'ina. Lauya ce ke da ƙura. Dokar Moris gauraye ce, dokokin dukiya da iyali sun samo asali daga Faransa, tsarin kotu kuma daga Ingila, don haka dole ya iya karanta Faransanci, kuma in ya dawo sai ya bi ta matakin farko na Makarantar Horar da Lauyoyi ta Najeriya da aka tanadar wa masu digirin waje. Mai karatun likita shi ma sai ya ci jarrabawar tantancewa ta hukumar kula da aikin likitoci ta Najeriya (MDCN) kafin a ba shi lasisi. Kowane fanni ya yi, sai Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta tantance takardarsa kafin ya tafi bautar ƙasa.

Zaman can ba shi da wuya ga yaronmu. Da Turanci ake koyarwa, amma a kasuwa da cikin bas Kiriyol, wato yaren 'yan ƙasar, da Faransanci zai riƙa ji. Musulmi sun kusa kashi ɗaya cikin biyar na mutanen ƙasar, masallatai da naman halal ba sa wuyar samu. Jami'ar ta ginu ne a kan ɗalibai masu zuwa daga gidajensu su koma da yamma, tunda babu inda ke da nisa, don haka baƙo haya yake kamawa a garuruwan kusa irin su Moka, Rose Hill ko Quatre Bornes. Tun 2023 jirgin ƙasa na cikin gari yana kaiwa har Réduit. Daga Nuwamba zuwa Afrilu lokacin guguwa ne, kuma in gargaɗi ya yi tsanani ana dakatar da darasi.

Bizar ɗalibi tana fitowa ne daga ofishin fasfo da shige da fice na Moris, kuma ta hannun makaranta ake nema. Za a buƙaci takardar gurbi, shaidar kuɗin da zai riƙe shi, da sakamakon gwajin jini da hoton ƙirji. An yarda ɗalibin waje ya yi aiki har awa 20 a mako, amma abin da zai samu bai kai ya biya haya da kuɗin makaranta ba, don haka a tanadi kuɗin shekarar farko cikakke kafin a yanki tikiti.