Dalilin gargaɗin GCC a kan sanarwar strlen

Ka ce ka sake rubuta sanarwar strlen (aikin harshen C da ke ƙirga tsawon rubutu) da kanka, ka sa mata siffar const, sai GCC, manhajar da ke fassara shirin C zuwa harshen na'ura, ya yi gargaɗin cewa ya yi watsi da siffar saboda ta saɓa wa pure, siffar da GCC ya riga ya san strlen da ita. Tun fitowar GCC 8 a 2018 manhajar take duba irin wannan saɓani, kuma a nan gaskiya ce da ita.

Siffar const alkawari ce cewa sakamakon aikin ya dogara ga ƙimar da aka miƙa masa kaɗai, alhali strlen sai ta bi adireshin da aka miƙa mata ta karanta haruffan da ke ajiye kafin ta san tsawonsu, wanda shi ne abin da pure ta yarda da shi. Da an karɓi alkawarinka, to idan ka kira strlen, ka canza rubutun, sannan ka sake kiranta, mai yiwuwa a mayar maka da tsohon tsawon ba tare da an sake ƙirgawa ba.

Ka goge sanarwarka, ka shigo da string.h, fayil ɗin da ke ɗauke da sanarwar strlen ta asali. Rufe bakin gargaɗin da -Wno-attributes ba dabara ba ce a ganina, domin zai ɓoye wasu kurakuran. Idan kuwa taka strlen kake ginawa don tsarin da ba shi da ɗakin ayyukan C (wato tarin ayyukan da aka riga aka rubuta, irin su strlen), sai ka yi amfani da -ffreestanding, zaɓin da ke gaya wa GCC kada ya ɗauka akwai wannan ɗakin.